Kaskon Farko na Gwadabe

Idan kaka ta wuce, ruwa ya ja baya a fadama, ƙauyukan da ke kewaye da Gazara sukan ɗauki ƙanshi iri ɗaya, na ruwan rake yana tafasa a kan murhu. A cikinsu akwai wata 'yar unguwa da ake kira Rafin Kanya, a nan Gwadabe yake zaune. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, hannuwansa duk tabon ganyen rake. Bai yi boko ba, bai taɓa riƙe muƙamin da ake biya ba. Noman rake yake yi, ya dafa mazarƙwaila, kamar yadda ya taso ya tarar da mahaifinsa yana yi. Abu ɗaya ne ya raba shi da sauran masu sana'ar: kaskon farko na kowace shekara ba ya shiga gidansa.

In an matse rake, ruwan ake zubawa a babban kaskon ƙarfe, a yi ta iza wuta ana kwashe kumfa har ya yi kauri, sannan a rarraba a ƙananan kwanoni ya daskare. Abin da ya fito a dahuwar farko Gwadabe yakan jera shi a wani kwando daban, ya ce na jam'iyya ne. Ranar kasuwar Makarfi a kai a sayar. Da shi ake riƙe ɗan ɗakin bakin hanya da suke kira ofis, da shi ake zuba wa mashin mai in za a je taro, da shi ake sabunta fentin allon da ke ƙofa. Jam'iyyar ƙarama ce, irin wadda sai ka duba ƙasan takardar ƙuri'a kafin ka ga alamarta. Shi ne shugabanta na mazaɓa, saboda ba wanda ya nemi kujerar.

Magidanta bakwai ne suka bi shi a kan wannan al'ada. Sauran mutanen gari kuwa abin dariya suka ɗauke ta. A teburin Uwaisu mai shayi aka fi tattauna zancen. Abin da aka sani, in ji su, jam'iyya ita ke bayarwa: ta kawo shinkafa, ta kawo atamfa da sabulu, ta rufe ka da ɗan abin cefane ranar zaɓe. Wanda ke ɗaukar guminsa ya kai mata, ko dai bai san zamani ba, ko kuwa akwai abin da yake samu a ɓoye. Waɗansu suka ce ai kuɗin da manya ke rabawa na jama'a ne aka kwasa, karɓarsa maido da haƙƙi ne. Waɗansu suka ce gwamnati ce ya kamata ta riƙa ciyar da jam'iyyu, a huta da masu kuɗi. Uwaisu yakan dubi mai wannan magana ya tambaye shi wa zai riƙe cokalin rabon. Gwadabe yakan sha shayinsa, ya biya, ya tashi.

Ba da wannan ra'ayi aka haife shi ba. Yana da ƙuruciya a babbar jam'iyya yake, kuma ya karɓi nasa kamar kowa. Wata shekara ruwa ya cinye 'yar gadar da ake bi a fitar da rake daga fadama. Shi aka wakilta ya je ya ga kansilan da suka zaɓa. Ya yi sammako, ya zauna a ƙofar gida har rana ta take. Da mutumin ya fito zai shiga mota, Gwadabe ya durƙusa ya faɗi abin da ya kawo shi. Kansila bai yi fushi ba. Cikin fara'a ya tambaye shi, ashe ba a sallame su ba tun ranar zaɓe? Ya ce in akwai wanda nasa bai iso shi ba, a faɗa masa.

Gwadabe ya dawo gida a ƙafa, ko da yake akwai motar haya. Matarsa Khadijatu ta ce kwana biyu bai ci tuwon kirki ba. A rana ta uku ya buɗe tsohon akwatin mahaifinsa, ya fito da wani ɗan kati da ya yi ja don tsufa. Katin wata jam'iyyar talakawa ce ta zamanin da, wanda tsohon ya sayar da zakara ya yanka. Gwadabe ya tuna yadda mahaifinsa ke tsayawa a taro ya yi wa shugabanni faɗa ido da ido, ba mai ce masa ya zauna. A da ya ɗauka jarumtaka ce kawai. Yanzu ya ga zakaran ma yana ciki.

Daga wannan shekarar ya fara ware kaskon farko. Ya kuma kafa sharaɗi ɗaya, wanda ya fi al'adar kanta ba mutane mamaki: ba a karɓar abin da ya wuce kasko ɗaya daga hannun mutum ɗaya. Mai gona babba da mai 'yar ƙarama, ɗaya ɗaya.

Haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru, ba su ci zaɓe ba, ba su kuma rufe ofis ba, har shekarar da Alhaji Maiwada ya waiwayo su.

Alhaji Maiwada sa'an Gwadabe ne, allo ɗaya suka wanke. Allah ya buɗa masa a cinikin taki, ya sayi mota, ya sayi injin matsar rake mai aiki da man gas. Injin nan shi kaɗai ne a yankin, ana jan sa gona zuwa gona, kowa da ranarsa. Tsarin da aka saba shi ne, in aka sa maka rana, sai ka sare rakenka kwana ɗaya ko biyu kafin ta, ka tara a bakin murhu, don injin ba ya jiran kowa. Rake kuma in an sare shi ba ya jiran injin. Ya kwana uku a rana ya fara bushewa, ya ƙara kaɗan ruwansa ya yi tsami, ko an dafa ba ya daskarewa.

Ɗan Alhaji, Muktar, yana son kansila. Manyan jam'iyyu duk sun riga sun tsayar da nasu. Saura ƙaramar nan ta Gwadabe, wadda mutanenta suka zauna tun da damina suka amince da Malam Ɗayyabu, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya ya koma noman albasa.

An sa wa Gwadabe Alhamis. Talata da Laraba ya ɗauki 'yan ƙwadago, aka sare gonar kaf, aka jibge raken shekara guda a gindin mangwaro. Da hantsin Laraba, ana ɗaure damin ƙarshe, sai ga motar Alhaji ta tsaya a bakin gona. Tare da shi akwai Yahuza, ɗan ƙanen Gwadabe, magidanci mai 'ya'ya biyar, shi ne sakataren jam'iyyar saboda shi ya iya rubutun boko. Yahuza ya gaida baffansa yana kallon ƙasa.

Aka shimfiɗa buhu, aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da amfanin gona, aka taɓa zancen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Alhaji ya yaba kaurin raken. Sannan ya gyara zama.

"Malam Gwadabe, ka daɗe kana ɗauke da jam'iyyar nan a ka. Na zo in sauke ka."

"Alhaji, ban ce ta yi mini nauyi ba."

Alhaji ya yi murmushi, ya shiga jero abin da ya tanada. Zai ba su shago na siminti a bakin titi, a bar ɗakin ƙasa da ke yoyo. Zai saya wa shugabanni mashina. Fosta da lasifika da abincin taro duk nasa ne, kuma ba wanda zai sake kai mazarƙwailarsa kasuwa don jam'iyya. Abin da yake roƙo kaɗan ne, Malam Ɗayyabu ya huta, tunda shekaru sun ja, a ba yaro dama.

Gwadabe ya ɗauki guntun rake yana fere shi da wuƙa. Ya ce ƙofa a buɗe take, Muktar ya zo ya yanki kati, ya tsaya a gaban mutane ya nemi su sake shawara, in sun yarda shi ba shi da ta cewa. Game da taimako kuwa, ai Alhaji ma manomin rake ne.

"Ka kawo kaskonka na farko, kamar kowa."

"Kasko ɗaya? Ina maganar shago da mashina kana maganar kasko?"

"Ɗaya dai. In ka kawo biyu za mu mayar maka da ɗaya."

Alhaji ya juya. Ya dubi tulin raken da ke gindin mangwaro, ya daɗe yana dubansa. Ya miƙe yana kaɗe babbar rigarsa, ya ce af, ya kusa mantawa, injin nan tun jiya yake tari, mai gyara ya ce sai an aika Kano a nemo wani ƙarfe. Ba a san ranar da zai tashi ba. Amma irin wannan ciwo, in ji shi, wani lokaci yakan warke da wuri. Lambar wayarsa tana wurin Yahuza.

Gwadabe ya raka shi har mota, ya yi masa addu'ar sauka lafiya.

Yahuza bai bi motar ba. Ya tsaya ya yi ta magana. Ya ce wannan raken shi ne hatsin gidan, shi ne suturar Sallah, shi ne takin baɗi. Ya ce shekara nawa suna kai kasko ba su taɓa cin ko akwati ɗaya ba, yau ga wanda zai sa a san da su. Ya ce duk ƙasar nan ba jam'iyyar da ke tafiya da mazarƙwaila.

"Baba, kowa fa yana da mai gida. Mu kaɗai ne marayu."

"Maraya yakan je ƙofar kansila ya yi magana a tsaye," in ji Gwadabe. "Ni na taɓa zuwa da mai gida. A durƙushe na yi tawa."

Da la'asar ya ari waya ya nemi masu injin na wajen Kudan da na Ikara. Kowa ya ce ranakunsa a cike suke. Ɗaya daga ciki ya yi gaskiya, ya ce a wurin Alhaji yake samun taki. Alhamis ta zo, aka ji ƙarar injin daga wata gona can gabas, lafiya lau, ba tari. Ran nan kuma aka ga Yahuza a kan sabon mashin, ledarsa ko cirewa ba a yi ba.

Khadijatu ba ta ce wa mijinta ya kira Alhaji ba, ba ta kuma ce kada ya kira ba. Ta ajiye masa fura, ta ce in yana neman abin yi, kajinta sun gaji da yin ƙwai a cikin ƙarfen babansa.

A bayan rumbu yake, ciyawa ta rufe shi. Tsohon injin matsa ne irin na da, ƙarafa uku masu kauri da ke juyawa su murƙushe kara, da doguwar azara a sama wadda ake ɗaura wa doki ya yi ta zagaye. Dokin ya mutu tun Gwadabe yana da baƙin gemu. Ya aika wa Malam Ɗayyabu. Su biyu suka tono shi, suka kankare tsatsa da yashi, suka shafe haƙoran da baƙin mai. Aka ɗora a amalanke aka kai gindin mangwaro, aka kafa shi a kan turaku. Tsohuwar azarar gara ta cinye ta, sai suka ciro ɗaya daga rufin rumfar Gwadabe. Malam Ɗayyabu ya ce in don shi ne, a bari ya janye, kada raken mutum ya lalace a kan kujerar da ba lalle ya samu ba. Gwadabe ya ce ba shi ya tsayar da kansa ba, don haka ba shi zai sauke kansa ba, ya kama azara.

Safiyar Juma'a mutanen da ke wucewa suka ga abin da suka daɗe ba su gani ba. Tsofaffi biyu sun sa ƙirji a azara suna zagaye, Khadijatu na cusa rake a bakin ƙarfe, ruwa na ɗiga a bokiti kamar ana rowarsa. Kafin hantsi labari ya kai teburin shayi. Uwaisu ya rufe tukunyarsa ya zo kallo, da 'yan zaman teburinsa a baya.

"Baba Gwadabe, yau kai ne dokin?"

"Ni ne."

"To wa ke riƙe da linzamin?"

"Duba da kyau, Uwaisu. In ka ga linzami ka faɗa mini."

Aka yi dariya, amma ba irin wadda aka zo yi ba. Tsofaffin suka ci gaba da zagaye. A zagaye na wajen ashirin ƙafar Malam Ɗayyabu ta zame a kan tukar rake, ya faɗi da gwiwa. Uwaisu ya ɗaga shi, ya zaunar da shi a inuwa, ya tsaya yana duban wurin da ya bari a jikin azara. Ya ce shi fa ba ɗan jam'iyyarsu ba ne, kuma ranar zaɓe duk wanda ya kawo shinkafa zai karɓa. Gwadabe ya ce bai tambaye shi ba. Uwaisu ya tuɓe riga.

Bayan an sauko daga masallaci magidantan nan bakwai suka zo, da waɗansu da ba a gayyata ba. Ba duka don Gwadabe suka zo ba. Akwai waɗanda ranar injinsu ke tafe, suka lissafa cewa abin da aka yi wa shugaba ana iya yi wa kowa, gara su ga ko tsohon ƙarfen nan yana aiki. Aka kasu huɗu huɗu, in waɗannan sun ji jiri su sauka waɗancan su hau. Mata suka karɓi murhu, suna iza busasshiyar tuka, suna kwashe kumfa.

Ranar Asabar da rana tsaka Yahuza ya ɓullo, ba a kan mashin ba, yana janye da shanunsa biyu na huɗa. Bai dubi baffansa ba. Ya ce shanun ne zama ya ishe su. Aka ɗaura su a azara. Shanun da suka saba tafiya miƙe a kan kunyar gona ba su ga dalilin zagaye ba. Suka yi rabin da'ira suka tsaya, ɗaya ya kwanta, ɗaya ya miƙa wuya ya fara cin raken da aka zo matsa. Uwaisu ya ce waɗannan ma sai an ba su mashin. Yahuza ya kwance su ya ɗaure a gindin mangwaro. Ya tsaya jim kaɗan, sannan ya naɗe hannun riga ya shiga inda suka fita. Gwadabe ya matsa masa wuri kawai.

Ƙarfin mutum ba na injin ba ne. Abin da injin Alhaji ke gamawa a yini ɗaya ya ci musu kwana huɗu. Raken da ke ƙasan tuli ya jira har ya gaji. Ranar Litinin Khadijatu ta ɗanɗana ruwan da ke fitowa, ta tofar, ta girgiza kai. Suka gwada kasko ɗaya duk da haka, ya ƙi daskarewa, ya tsaya kamar ruwan ɗanko. Kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar haka ya tafi, aka bar wa makiyaya su ba shanu. Gwadabe ya tsaya yana kallo ana kwashewa. Ya san abin da ya tafi a ciki, rufin ɗakin da ya yi niyyar sakewa, da rabin takin baɗi.

Da suka koma gida ya tarar da kwandon nan a zaure, an jera mazarƙwailar dahuwar farko a ciki, an rufe da tsumma mai tsabta. Ya tsaya a kansa. Ya ce da matarsa, a hankali, bana kam ko mutane ba za su ga laifinsa ba in ya bar wannan a gida.

"Malam, ni na cusa raken nan da hannuna kwana huɗu," in ji Khadijatu. "In ka taɓa kwandon nan, to wa na yi wa wahalar?"

Ranar kasuwa ya ɗaura shi a bayan keke ya kai Makarfi da kansa.

Muktar ya samu tikiti a wata jam'iyyar, ta hanyar da ba a yi mana bayani ba. Sunan Malam Ɗayyabu ya fito a inda mutanensa suka sa shi. Bai ci ba. An ce a rumfar zaɓen Rafin Kanya an raba shinkafa sosai, an kuma karɓa sosai, amma da aka juye akwati sai masu rabon suka yi ta duban juna, ganin yawan ƙuri'un Malam Ɗayyabu. Yahuza yana nan da mashin ɗinsa, yana kuma nan da littafin sakatare, ba wanda ya karɓe ko ɗaya daga hannunsa. Da shekara ta zagayo kwanduna goma sha ɗaya aka jera a ɗan ɗakin bakin hanya. Ɗaya babu sunan mai shi, amma akwai ƙanshin ganyen shayi a tsumman da aka rufe shi.

Tsohon ƙarfen bai koma bayan rumbu ba. An haɗu an saya masa wani ramammen doki a hannun wani mai amalanke, yana zagaye a gonar duk wanda ya nema. Mafi yawan manoma har yanzu injin Alhaji suke jira, don ya fi sauri, kuma Gwadabe bai taɓa hana kowa ba.

Ana gab da sara a shekarar, Alhaji Maiwada ya aiko direbansa har gona. Ya ce a gaya wa Malam Gwadabe injin ya warke sarai, ya zaɓi ranar da yake so, ko ta farko ce. Gwadabe yana tsugune yana shafa wa haƙoran ƙarfe mai. Ya goge hannu, ya zaɓi mazarƙwaila biyu masu kyau ya ba direban ya kai wa iyalinsa. Ya ce a gaida Alhaji, a yi masa barka da arziki. Injin kuwa, tunda bai daɗe da tashi daga ciwo ba, a bar shi ya ƙara hutawa.